Yadda Doka Ta Buɗe wa Naƙasassu Ƙofar Jami'o'in Amurka

Kafin shekarun 1970, karɓar ɗalibi mai naƙasa a jami'o'in Amurka ya rataya ne ga ganin damar hukumar makaranta, domin babu dokar tarayya da ta tilasta mata. A 1962, da Jami'ar California da ke Berkeley ta karɓi Ed Roberts, wanda shan inna ta shanye wa jiki har yake kwana cikin na'urar taya numfashi, ɗakunan kwanan ɗalibai ba su iya ɗaukar na'urar ba, sai aka sauke shi a asibitin jami'ar.

Sauyin ya biyo ta hanyar kuɗi. Sashe na 504 na dokar tallafa wa naƙasassu ta 1973 ya haramta wa duk cibiyar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa, kuma da yake kusan kowace jami'a, har masu zaman kansu, tana samun wannan kuɗi ta bashin karatun ɗalibai ko tallafin bincike, kaɗan ne suka tsira daga gare shi. Sai dai gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, har sai da naƙasassu, ciki har da Judith Heumann, suka yi zaman dirshan na fiye da mako uku a ofishin ma'aikatar lafiya da ilimi da ke San Francisco, sannan sakataren ma'aikatar Joseph Califano ya sa hannu ranar 28 ga Afrilun 1977.

A 1979 Kotun Ƙoli ta shata iyaka a shari'ar Frances Davis, mai matsalar ji da aka hana shiga karatun aikin jinya, inda ta yanke cewa ba dole ba ne kwaleji ta sauya tushen manhajarta. Daga nan ne fahimtar sassauci mai ma'ana ta kankama, wato ƙarin lokacin jarrabawa, ko mai fassara da maganar hannu, ko littafi cikin rubutun makafi, ba tare da rage nauyin karatun ba. Amma a jami'a, saɓanin firamare da sakandare, ɗalibin ne zai bayyana larurarsa ya nemi haƙƙinsa, sau da yawa da takardar likita, abin da ke wahalar da marasa galihu.

Dokar naƙasassu ta 1990 ta shafi har cibiyoyin da ba sa karɓar kuɗin tarayya, gyaran 2008 ya faɗaɗa ma'anar naƙasa bayan kotuna sun ƙuntata ta, sannan a 2024 ma'aikatar shari'a ta wajabta wa jami'o'in gwamnati gyara shafukansu na intanet yadda makafi da kurame za su iya amfani da su.