Idon da ke Sama da Iyakar Illela da Konni

Duk wanda ya san Illela ya san cewa zuwa Birnin Konni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. A ƙarshen watan Oktoban 2020 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Massalata, daf da Konni, suka tsallako da shi Najeriya. Ranar 31 ga watan, da tsakar dare, zaratan sojojin Amurka suka diro daga sama suka kuɓutar da shi. Ko mako bai cika a hannunsu ba.

Yaya aka yi aka gano su a daji, cikin duhu?

Tun 2013 Amurka ta girke jirage marasa matuƙa a Yamai, daga baya ta gina musu sansani a Agadas da kuɗin da ya haura dala miliyan 100, ya fara aiki a 2019. Kyamarar irin waɗannan jirage ba ta buƙatar fitila ko farin wata, zafi take gani: jikin mutum, injin babur da aka kashe bai huce ba, tokar wurin da aka yi girki.

Akwai ma kyamarar da ta fi wannan. Kyamarar wayarka launi uku take haɗawa, ja da kore da shuɗi. Ita kuwa waccan takan tsaga haske gida-gida har ɗaruruwa, har da wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Na'urar AVIRIS da hukumar NASA ta fara tashi da ita a 1987 kashi 224 take rarrabewa. Kowane abu da yadda yake mayar da haske, shi ya sa take bambanta ganyen gaske da tantin da aka shafa wa kore, da kuma ƙasar da aka tona aka mayar.

Shi kuwa sansanin Agadas, bayan juyin mulkin da ya kifar da Shugaba Bazoum a 2023, Nijar ta sallami sojojin Amurka, suka bar shi a watan Agustan 2024.

To amma fa na'ura ba ta san ɗan kasuwa da ɗan bindiga ba. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, cikin Disambar 2023, jirgin sojan Najeriya mara matuƙi ya ga taro da dare ya saki bam, ashe masu Maulidi ne, mutum fiye da 80 suka rasu.

Mutanen Illela, Gada da Tangaza kan bi daji da dare da shanu da kayan kasuwa. Muna roƙon hukumomin tsaro, kafin a harba, a tuntuɓi masu unguwanni da dagatai.