Asalin Itacen Saniya

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani makeken fili, ya miƙe tun daga Kanada har Teksas. A zamanin da, iyakar ganinka ciyawa ce. Matafiyi yakan yi kwana da kwanaki bai ga bishiya ba, sai ɗan abin da ke bakin kogi. Ga hunturu mai daskarar da ruwa. To, da me mutanen wurin suke hura wuta?

Allah bai bar su haka ba. Ya cika filin da wata irin ɓauna mai tozo da yawan gashi, a zamanin da an ƙiyasta sun kai miliyan 30. Duk inda garke ya wuce sai ya bar kashi birjik, rana da iska su busar da shi ya zama kandilo. 'Yan asalin ƙasar, irin su Lakota da Komanci, su suka fara sanin darajarsa. Mata da yara su tsinto busasshe, don ɗanye ba ya kamawa. Ba ya yin harshen wuta mai tsawo, sai garwashi mai ci a hankali, ya dafa nama, ya ɗumama bukkar fata. Hayaƙinsa kuma yana korar sauro.

Da Faransawa masu fataucin fatu suka iso, suka ga abin da ake girki da shi, sai suka sa masa suna da harshensu, wai itacen saniya. Asalin sunan ke nan.

Daga 1843 ayarin Turawa suka yi ta ratsa filin a kan hanyar zuwa Oregon da kekunan shanu, suna bin gefen kogin Platte. Da fari matansu suka yi ƙyamar taɓa kandilon. Amma yunwa ba ta san ƙyama ba. Ba a daɗe ba sai ga yara a gefen ayari da buhuna suna tsinta. In an yi zango a haƙa ɗan rami don kada iska ta watsa wutar, a ɗora tukunya. Waɗanda wata doka ta 1862 ta ba fili eka 160 suka zauna noma, su ma tara shi suke yi kafin sanyi, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu.

Sai kwaɗayin fata ya shigo. Mafarauta suka yi ta karkashe ɓauna da bindiga, har a 1889 da wani mai suna William Hornaday ya yi ƙidaya, dubu ɗaya da 'yan kai suka rage. 'Yan ƙasa suka rasa nama, suka rasa bukka, suka rasa wuta gaba ɗaya. Manoma kuwa suka koma ga kashin shanu da totuwar masara.

Kai da ka taɓa ganin an gasa tukwane da kandilo a ƙauyenku, kada ka rena shi. Shekaru aru-aru da irinsa wata al'umma ta yi maganin hunturu, kuma ranar da dabbar ta ƙare, ranar murhunsu ya mutu.