Matan Harvard da ɗan mai kanti daga Bengal

A ƙarshen ƙarni na 19, ɗakin nazarin taurari na Harvard da ke Amurka ya ɗauki mata aikin da maza ke rainawa. Da dare maza su ɗauki hoton hasken taurari a kan farantan gilashi, da safe mata su zauna da madubin ƙara girma suna dubawa. Idan aka warware hasken tauraro sai ya baje kamar bakan gizo, da baƙaƙen layuka a jikinsa, kuma kowane sinadari da irin layukansa.

Williamina Fleming, wadda ta fara da aikatau a gidan shugaban wurin, Edward Pickering, ta jera taurarin da haruffa bisa ƙarfin layukan haidirojin: A su ne kan gaba, sai B. A 1901 Annie Jump Cannon ta sake lale, ta fito da jerin O, B, A, F, G, K, M. Taurari fiye da 200,000 ta tantance da idonta. Jerin ya zauna daram, amma ba wanda ya iya bayyana dalilinsa.

Amsar daga Kalkata ta zo. An haifi Meghnad Saha a 1893 a wani ƙauye kusa da Dhaka a yankin Bengal, mahaifinsa mai ɗan kanti ne. A 1920, daga Kalkata, ya buga lissafin da ya haɗa zafi da matsi da abu na uku, wato yawan ƙarfin da ake bukata kafin a fizge ilektiron daga ƙwayar zarra. Wannan ƙarfi, da ake aunawa da ilektiron-bolt, ba ɗaya ba ne ga kowane sinadari. Na sodiyam ilektiron-bolt 5.1 ne, na kalsiyam 6.1, na haidirojin 13.6, shi kuwa hiliyam ba ya sakin nasa sai an kai 24.6.

Nan ne gizo ke saƙar. Niels Bohr ya riga ya nuna a 1913 cewa ilektiron hawa-hawa yake zama a cikin zarra. Layukan haidirojin da Fleming ke gani ba sa fitowa sai ilektiron na hawa na biyu, kuma hawan yana cin ilektiron-bolt 10.2. A tauraro mai sauƙin zafi, kaɗan ne ke iya hawa. A wanda zafinsa ya wuce kima, an riga an fizge ilektiron ɗin gaba ɗaya, babu abin da zai zana layi. A tsakani, wajen digiri 10,000, layukan ke yin ƙarfi, kuma su ne taurarin A. Ashe Cannon ma'aunin zafi ta jera, daga O mafi zafi zuwa M.

Wadda ta bi wannan hanya har ƙarshenta ita ce Cecilia Payne, 'yar Ingila da ta zo Harvard a 1923. Ta ɗora lissafin Saha a kan farantan matan nan, ta gano cewa taurari kusan kayan gini ɗaya gare su, kuma haidirojin da hiliyam sun rinjayi komai nesa ba kusa ba. A lokacin masana na ganin rana da ƙasa kusan haɗinsu guda. Henry Norris Russell na Princeton, babba a fagen, ya ce sakamakon ba zai yiwu ba, sai ta rubuta a kundin digirinta na 1925 cewa da wuya adadin ya zama gaskiya. Abin da ciwo, domin lissafinta daidai ne.

A 1929 Russell ya bi tasa hanyar ya iso inda ta iso, ya kuma ambaci aikinta. Sai a 1956 Harvard ta ba Payne kujerar farfesa.