Kafin Na'ura ta Sassaƙa Haƙori

Duk wanda ya daɗe a aikin haƙori ya san cewa haɗa wa tsoho cikakkun haƙoran roba, sama da ƙasa, shi ne aikin da ke tona asirin likita. Dattijon da ya taso daga Rijau ko Mariga zuwa Kontagora babu ko haƙori ɗaya a bakinsa, a tsohuwar hanya sai ya yi zuwa biyar: awon farko, awo na biyu mai bin gefen dasashi, gwajin yadda muƙamuƙi ke haɗuwa, gwajin haƙoran a kan kaki, sannan ranar karɓa. Kuɗin mota biyar ke nan, a hanyoyin da matafiyi ba ya shiga sai da addu'a. Don haka idan aka ce kwamfuta na iya mayar da zuwa biyar ya koma biyu ko uku, mutumin Kontagora ya fi na Legas dalilin murna. Amma na'urar ba za ta amfane shi ba sai likitan da ke riƙe da ita ya ƙware a aikin hannun da ta zo ragewa.

Tarihin sana'ar ya nuna haka. Tun wajen 1937 robar akirilik ta fara ture baƙar robar da aka yi amfani da ita tun ƙarni na 19, kuma ita ce har yau a bakin mutanenmu. Aibinta sananne ne: idan aka dafa ta takan ɗan tsuke, haƙorin ya fito da sako-sako. A Najeriya kuwa masu haɗa haƙoran roba sun riga likitoci samun makaranta. Tasu ta fara a Legas a 1955, ta koma Inugu a 1982, hukumar yi musu rajista ta kafu a 1987. Horar da likitocin haƙori a jami'a ya fara a Legas a tsakiyar shekarun 1960, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa sai da ta jira farkon shekarun 2000 kafin Jami'ar Maiduguri ta buɗe tata tsangayar, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano. A cikin wannan jiran ne, a 1985, aka fara sassaƙa cikon haƙori da na'urar CEREC a Zurich, kuma a farkon shekarun 2010 cikakkun haƙoran roba na kwamfuta suka shiga kasuwa a Amurka. Ƙarancin likitoci a Arewa ya sa yawancin haƙoran roba a garuruwa irin namu sun fito ne daga hannun masu haɗawa, wasu da horo, wasu da koyon gani.

Abin da na'urar ke yi a fili yake. Ana ɗaukar siffar baki, a tsara haƙoran a allon kwamfuta, sannan ko a sassaƙa su daga dunƙulen robar da ta riga ta gama tsukewa a masana'anta, ko a zuba su hawa-hawa da na'urar ɗab'i. Sassaƙaƙƙen yakan zauna daram a ganɗa, kuma idan ya faɗi ya tsage, siffarsa tana ajiye, sai a sake wani. Sai dai kyamarar da ake zagayawa da ita cikin baki tana son abu mai tauri, kamar haƙori. Dasashin da babu haƙori laushi gare shi, ga miyau yana ƙyalli, ga leɓe da kunci da harshe suna motsi. Iyakar inda gefen haƙorin roba zai tsaya, yatsun likita ne ke gano ta, yana jan leɓe, yana ce wa dattijo, “Baba, ɗaga harshe, haɗiye miyau.” Haka tsayin cizo: idan ya yi yawa haƙoran su riƙa ƙwanƙwasar juna in ana magana, idan ya gaza gefen baki ya lanƙwashe ya riƙa tsagewa. Kwamfuta za ta sassaƙa kuskuren da aka ba ta ba ragi ba ƙari.

Wasu abokan aiki suna cewa kamfanin da ya sayar da na'urar yana bayar da horon kwana biyu ko uku, kuma matasan likitoci da waya suka tashi. Gaskiya ne za su iya danna allon cikin mako guda. Amma horon mai sayarwa na koyar da na'urarsa ne kawai. Ba ya koyar da yadda za a gane dasashin da ya zaizaye, ko a tsayar da aiki saboda wani gyambo a baki da ke bukatar bincike. Kuma robar ɗab'i idan ba a wanke ta sosai an gasa ta da haske yadda ya kamata ba, ragowar sinadarinta yana ƙona baki. Wannan ilimi ne na tsangaya da asibitin koyarwa. Tunda Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ta riga ta wajabta ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, nan ne ya dace a saka kwas mai gwaji a kan marasa lafiya na gaske, likita da mai haɗawa a aji ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu kuma suna cewa maganar ta yi wa Kontagora nisa: jiharta ce ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro, amma wuta sai an yi sa'a, ga tsadar kayan da ake saye da dala. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma shi ne ma ya sa horo ya riga saye. Asibiti a Kontagora ba ya bukatar injin sassaƙa. Likita zai iya ɗaukar awo da hannu yadda aka saba, a ɗauki siffar awon da ƙaramar na'ura, a tura ta intanet zuwa ɗakin haɗa haƙora a babban birni, haƙoran su dawo a mota. A wannan tsarin mai tsarawa bai taɓa ganin fuskar dattijon ba, saboda haka duk abin da zai sani game da leɓensa da cizonsa da launin haƙorin da zai dace da shi, sai wanda likitan Kontagora ya auna ya rubuta masa.