Daga Awon Yatsa Zuwa Kwanson Tagulla

A ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke ratsa wannan yanki na Jibiya zuwa ƙasar Katsina, kwari da baka da takobi ne makaman gama-gari, bindiga kuwa sai wane da wane. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada, Sarkin Damagaram Tanimun kuma har igwa ya sa aka ƙera masa. Duk waɗannan ta baki ake ɗura su. Maharbi ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya jefa dalma, ya daka da sanda, sannan ya auna da yatsu abin da sandar ta rage a waje. Ɗurin safe daban, na yamma daban, shi ya sa gwanintar kakanninmu ta kasance a sanɗa: a matso kusa da dabba kafin a saki wuta.

A Turai kuwa an riga an tattara albarushi da dalma da maƙyasti cikin kwanso guda. Kwanson farko na bindigar Martini-Henry da fallen tagulla aka naɗe shi, yakan maƙale idan bindiga ta yi zafi, kamar yadda sojan Ingila suka gani a Sudan a 1885. Daga nan aka koma kwanso mai jiki ɗaya. Maƙeran can sun gane cewa idan kaurin kwanso ya bambanta, faɗin cikinsa zai bambanta, ƙarfin fashewa ya sauya, harsashi ya faɗi sama ko ƙasa da inda aka saita.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanenmu irin waɗannan bindigogi, aka bar mu da ta toka. Da wannan tazara Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Bayan mulkin kai ne, a 1964, aka kafa masana'antar DICON a Kaduna, Najeriya ta fara ƙera nata harsashin.

Mafarautan Riko ta yankin Jibiya da ƙauyukan iyaka dai sun ci gaba da riƙe harba-ka-ruga, suna awo da yatsa kamar iyayensu. Yau da harsashin masana'anta ya faɗa hannun ɓata-gari a dajin Rugu, tazarar da aka dasa tun 1890 ce 'yan sintirinmu ke fuskanta.