Bawul ɗin EGR da na'urorin rage hayaƙin mota: daga Los Angeles zuwa Tambuwal da Kebbe

EGR dabara ce ta mayar da wani ɓangare na hayaƙin injin fetur, galibi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, cikin silinda domin ya gauraya da sabuwar iska. Da yake wannan hayaƙi ya riga ya ƙone, ba ya sake kamawa, sai dai ya sassauta zafin wutar. Amfanin haka shi ne, idan zafi ya haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyos, naitirojin da oksijin da ke cikin iska sukan haɗu su haifi gubar NOx mai illa ga huhu. Ana yawan ɗora laifin mutuwar wannan na'ura a ƙasarmu a kan jahilcin kanikawa, amma tarihinta na nuna wani abu dabam: na'urar ta iso mana ne ita kaɗai, ta baro man da aka ƙera ta dominsa da dokar da ta haife ta.

A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya tabbatar da cewa hazon da ke turnuƙe Los Angeles hayaƙin mota ne da hasken rana ya sarrafa. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni neman mafita. Wasu rubuce-rubuce suna cewa EGR ta fara a 1972, wasu 1973. Abin da ke tabbas shi ne, a motocin 1973 ne ƙa'idar NOx ta tarayya ta fara aiki, bawul ɗin ya zama gama-gari. A 1975 aka ƙara matatar salansa, wadda kanikawanmu ke kira indomi, kuma ba ta jure fetur mai dalma. Volvo da Bosch suka kawo sansan oksijin a 1976, sannan daga 1996 kowace motar Amurka ta zo da kafar OBD-II da ake jona kwamfuta a karanta cutarta.

A nan gida kuwa, a 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma 504 mai kafireto ce ta daɗe tana mulkin hanyar Sakkwato zuwa Jega wadda ta ratsa Tambuwal. A kanta kanikawan yankin suka koyi sana'a, kuma babu indomi ko kwamfuta a cikinta. Bayan tsarin SAP na 1986 sabuwar mota ta gagari mutane, tsofaffin motoci 'yan Kwatano suka cika kasuwa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, waɗannan motoci sun fara shigowa alhali ana sayar da fetur mai dalma. Sai a taron Dakar na 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka amince su daina, aka kammala zuwa farkon 2006. Ke nan an yi shekaru man da kansa yana kashe indomi da sansa. Da dalma ta kau, farar wuta ta rage: lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta a Satumba 2016, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da 1,000 cikin miliyan a fetur, alhali Turai na kan 10. Wasu motocin ma tun daga can ake yi musu fiɗa, domin binciken hukumar sufurin Holan na 2020 ya tarar da motocin da za a kai Afirka ta Yamma waɗanda aka riga aka yanke matatarsu saboda filatinam da faladiyam da ke ciki. Abin da ya tsira, 'yan gwangwan na nan suna jiransa.

A kan wannan sai a ɗora ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauyukan Kebbe, da man 'yan bumburutu, da bakin mai da ake jinkirta canzawa. Kunkunniya ta taru ta toshe hanyar EGR ko ta maƙale bawul ɗin a buɗe, mota ta riƙa karkarwa tana mutuwa a tsaye. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wato Baby Boy, ta yi suna da wannan toshewa, wadda kwamfuta ke nunawa da lambar P0401.

Bakanike zai ce ya toshe bawul da guntun ƙarfe mota ta miƙe, kuma da gaskiyarsa: karkarwar ta tafi. Sai dai abin da ya biyo baya ba a gareji ake ganinsa ba. Silinda ta ƙara zafi, fistin ya fara ƙwanƙwasa a kan hawa, kwamfutar ta jinkirta wutar filogi don ta kare injin, shan mai ya ƙaru, kuma tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce ga direban haya. Gyaran kuwa kwance bawul ne a kankare shi da hanyarsa, a canza matatar iska. Wani zai ce Tambuwal ba Los Angeles ba ce, fili ya yalwata. Amma hayaƙi ba a fili ake shaƙarsa ba, a tasha ne, inda 'yan kamasho da yara masu talla ke wuni daf da bakin salansa.

Doka ta zo a makare. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa a 2011. A Fabrairu 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu da farar wuta 50 cikin miliyan a mai, da matakin hayaƙi na Euro 4 ga motocin da za a shigo da su daga Janairu 2021.