Fab Lab

Fab Lab ɗakin ƙere-ƙere ne da ake buɗe wa jama'a, inda mutum zai zana abu a kwamfuta, na'ura ta yanko shi ko ta ƙera shi. Tsarin ya samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin Farfesa Neil Gershenfeld. Koyo a irin wannan ɗaki na hannu ne, kamar na yaron maƙeri.

A 2004 aka buɗe ɗaya a makarantar fasaha ta Takoradi a Gana. A Lome kuwa, wani ɗaki irinsa mai suna WoeLab da aka kafa a 2012 ya yi suna da firintar 3D da aka harhaɗa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci, dabarar da ba baƙuwa ba ce ga maƙeran Panteka a Kaduna.